Tabar Wiwi a Ƙasarmu: Abin da Doka Ta Rubuta da Abin da Gari Ke Yi

Akwai wata magana da ke yawo a bakin matasan ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, wai ƙulli ɗaya na wiwi ba laifi ba ne, mai buhu ake nema. Wasu har ƙari suke yi, su ce ai duniya ta halatta ta, Najeriya ce kawai ba ta farka ba. Duka biyun ba gaskiya ba ne. A dokar ƙasar nan, wanda aka kama da ƙulli guda a aljihu, yana sane da abin da ya ɗauko, hukuncin da aka rubuta masa ɗaurin shekara 15 ne zuwa 25. Wanda ya shuka ta, ko ya yi safararta, ko ya sayar, nasa ɗaurin rai-da-rai ne. Dokar tarayya ce, yadda ta hau kan mutumin Legas haka ta hau kan mutumin Furana.

Sai dai wanda ya zauna a garuruwan nan ya san takarda daban, abin da ke ƙasa daban. Wiwi ba ta ɓuya ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai nuna maka kangon da ake zuƙarta da bakin rafin da ake haɗuwa bayan la'asar. Mai unguwa ya sani, liman ya sani, 'yan sintiri sun sani. Kowa na tsine mata a baki, ita kuwa tana nan daram. A wannan tazara da ke tsakanin doka da zaman gari ne 'ya'yan mutane ke rufzawa, shi ya sa ya kamata a san faɗinta.

Daga ina dokar ta faro?

Turawan mulkin mallaka ne suka fara sa wiwi cikin jerin haramtattun ƙwayoyi a 1935, shekara goma bayan ƙasashen duniya sun shigar da ita cikin wata yarjejeniya da suka ƙulla a birnin Janeba a 1925. A lokacin ba ta dami kowa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne ta bazu, kuma bayanin da aka fi bayarwa shi ne sojojinmu da suka dawo daga Indiya da Bama bayan 1945, da ma'aikatan jiragen ruwa, su suka watsa irinta da ɗabi'ar shanta. Kafin a kai 1960 har an fara nomanta a dazuzzukan kudu maso yamma ana fitar da ita Ingila. A 1964 da 1965 likitocin ƙwaƙwalwa na asibitin Aro da ke Abeokuta, Tolani Asuni da Adeoye Lambo, suka yi rubuce-rubuce a kan matasan da ake kawo musu da taɓin hankali bayan shan ta.

Da sojoji suka karɓi mulki a 1966, gwamnatin Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa doka ta musamman a kan wiwi, mai lamba 19. Mai noma, kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba. Mai sha ko wanda aka samu da ita, aƙalla shekara 10. Wannan doka ce aka so a ɗaure mawaƙi Fela Kuti da ita a 1974, bai dai ɗauru ba. A 1975 aka ga tsananin ya yi yawa, kotuna na tura samari gidan kaso na shekara goma a kan naɗi ɗaya, sai aka cire hukuncin kisa, aka mai da na mashayi ɗaurin wata shida ko biyan tara. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sake ɗaure igiyar, kuma a zamaninta ne aka harbe mutum uku a Legas a watan Afrilun 1985, su kam a kan hodar ibilis. A ƙarshen 1989 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, wato NDLEA, da doka mai lamba 48. Ita ce ke aiki har yau. Manya na tuna zamanin da Manjo Janar Musa Bamaiyi, mutumin Zuru, ya riƙe hukumar, lokacin da aka nuna Fela a talabijin da ankwa a hannu a 1997, 'yan watanni kafin mawaƙin ya mutu.

Abin lura a wannan tarihi shi ne an gwada tsanani, an gwada sassauci, an koma tsanani, kuma a duk tsawon shekarun nan masu sha ƙaruwa suka yi ta yi.

Abin da ke cikin dokar yau

Sashe na 11 na dokar NDLEA shi ne ƙashin bayanta: noma, sarrafawa, shigowa da ita, fitar da ita, safara, saye da sayarwa, duk ɗaurin rai-da-rai. Mallaka ko sha, shekara 15 zuwa 25. Dokar ba ta yanka wani awo ta ce ƙasa da kaza na mashayi ne, sama da kaza na dila ne, yadda wasu ƙasashe suka yi. Ba ta kuma ware shan magani ba. Babu likitan da zai rubuta maka ganyen wiwi a Najeriya ya zama hujja a gaban alƙali.

Akwai sassan da mutanen karkara ba su cika sani ba, alhali su suka fi shafa. Wanda ya bar gidansa ko shagonsa ko rumfarsa ana ajiye wiwi ko ana harkarta da saninsa, ana iya ɗaure shi har shekara 25. Wanda ya taimaka ko ya haɗa baki, shekara 15 zuwa 25. Kotu kuma na iya ƙwace dukiyar da aka samu ta wannan hanya da abin hawan da aka yi dako da shi. Saboda haka manomin da ya ba baƙo hayar gona a can cikin fadama bai ƙara leƙawa ba har kaka, ya yi ganganci. Mai son ɓoye wiwi tsakiyar masara ko dawa ko rake yake nema, inda dogon kara zai rufe ta.

Haka direba. Mafi yawan wiwin da ake sha a Arewa daga dazuzzukan Ondo da Edo da Delta da Osun da Ekiti take fitowa. Ana busar da ita, a danne ta sunƙi-sunƙi, a naɗe da leda da salatif, a cusa ƙarƙashin wani kaya, ta biyo Lokoja, Abuja, Kaduna, Zariya, ta nufi Kano. Hanyar nan ta ratsa ta Tashar Yari, wato a ƙofar gidanmu take wucewa. A tasha mutum zai zo da kwali ɗaure tamau, ya ce, "Direba, ga saƙo ka miƙa min Unguwa Uku, akwai mai karɓa." Direban da ya san ciwon kansa cewa yake yi, "Alhaji, a buɗe in gani." Za a ce masa, "Haba ɗan'uwa, garin kwaki ne fa." To, ko garin kwaki ne a buɗe. Gaskiya ne doka ta ce sai da sani ake laifi, amma mutum yana tsare zai yi ta bayanin cewa bai sani ba, motarsa kuma tana ajiye a harabar hukuma tayoyi na sacewa.

Wasu na tambaya, to ina kotunan shari'ar Musulunci da aka kafa a Jihar Kaduna a 2001, zamanin Gwamna Ahmed Mohammed Makarfi? Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa sha'anin ƙwayoyi cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, ya kuma ba Babbar Kotun Tarayya hurumin shari'arsu. Wanda NDLEA ta kama a Ikara ko Hunkuyi, idan za a gurfanar da shi a kan dokarta, Babbar Kotun Tarayya da ke Kaduna za a kai shi. Ƙananan kotuna kan hukunta matasa ne a kan laifuffukan da ke cikin dokokin jiha, irin su buguwa a bainar jama'a da ta da hankalin unguwa.

Ga kuma inda takarda da aiki suka raba hanya. Da wuya ka ji an yanke wa mai ƙulli biyu shekara 15. Wanda ya amsa laifinsa, kuma karonsa na farko ne, alƙalai kan ba shi watanni ko 'yan shekaru, wani lokaci da zaɓin tara. Hukumar kanta ta sha kokawa cewa manyan dillalai na biyan tara su koma ruwa. Da yawa kuma maganarsu ba ta ma zuwa kotu, a caji ofis take ƙarewa, kuma kowa ya san da me take ƙarewa. A ganina wannan shi ne babban aibin dokar. Hukuncin da ya yi tsananin da ba a iya zartar da shi yakan koma abin ciniki: ana nuna wa uba shekara 25, ya ruga ya sayar da buhunan masararsa. Ɗan mai hali ya kwana gida, ɗan talaka ya yi watanni a gidan gyaran hali yana jiran shari'a, ya fito ya san dilolin da bai sani ba a da.

Idan an kama ɗanka, ga abin da ke hannunka. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Belin caji ofis kyauta ne a doka. Akwai hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta, tana da ofis a Kaduna. Kada ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba. Idan kuma yaro ne da bai kai shekarun girma ba, dokar NDLEA ɗin kanta ta ba alƙali damar tura shi magani da gyaran hali maimakon ɗauri, amma sai an samu wanda ya roƙa.

Mutum nawa ke sha?

Ƙididdiga mafi girma da aka yi ita ce ta 2018, wadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka. Ta gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye, ban da giya da taba sigari, a cikin shekara guda. Daga cikinsu miliyan 10.6 wiwi ce. A tsakanin maza kusan kashi 19 cikin 100 ne, mata kuwa ba su kai kashi 3 ba. Yawanci ana farawa ne a wajen shekara 19, kuma mutum ɗaya cikin uku na masu shan ta ya kai matsayin da ba ya iya bari. Yankin Arewa maso Yamma na da mashaya kimanin miliyan 3, Kano ce kan gaba da kashi 16 cikin 100, Kaduna na wajen kashi 10. Kudu maso Yamma ta fi mu, da sama da kashi 22, ko da yake mu aka fi yi wa suna.

Mutum miliyan goma ba 'yan daba ba ne duka. A cikinsu akwai ɗan acaɓa, akwai birkila, akwai ɗalibi, akwai mai kaki, akwai magidancin da ba ya rasa sahun gaba.

Yadda gari ya ɗauke ta

A baki, hukuncin Bahaushe a kan wiwi ɗaya ne. "Ɗan wiwi" zagi ne. Idan ya yi magana a taro, ko gaskiya ya faɗa, sai a ce moli ce ke aiki. Idan aka yi sata a unguwa shi ake fara kallo. Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen neman aure. Iyayen yarinya za su tura a yi bincike, kuma tambayar da ke biye da ta sana'a ita ce, "Yana shaye-shaye?" Maƙwabci ba sai ya ce e ba. Ya isa ya yi shiru, ya ce, "To, yaro ne dai mai gaishe da mutane." Magana ta mutu ke nan. Mace kuwa idan aka san tana sha, ita da ƙannenta duka sun shiga uku, shi ya sa matan da suka kamu suke ɓoyewa har abin ya ci su, kuma su ne ba a gani a wuraren magani.

Ta fuskar addini babu saɓani a kan haramci. Inda malamai suka rabu shi ne hukuncin mai sha. Limaman mazhabobi huɗu ba su yi magana a kanta ba, don ba ta bazu a ƙasashen Musulmi ba sai ɗaruruwan shekaru bayansu. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya ɗauke ta daidai da giya, ya ce a yi wa mai shan ta haddi. Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya rarrabe tsakanin abin da ke sa maye irin na giya, da abin da ke gurɓata hankali, da abin da ke gusar da ji gaba ɗaya, ya sa wiwi a kashi na biyu. A wurinsa haramun ce, amma hukuncinta ladabtarwa ce gwargwadon ganin alƙali, kuma ita kanta ba najasa ba ce. Wasu mashaya sun tsinci rabin wannan bayani suna cewa ai ganye ne Allah ya tsirar, ba giya ba ce. Zaƙami ma Allah ne ya tsirar da shi, kuma an ga yadda yake mai da mutum.

Wannan a baki ke nan. A aikace garin na da wuraren da yake kau da kai, kuma duk wuraren da ake cin moriyar mashayin ne.

Je ka gonar rake a ƙasar Makarfi ko Kudan lokacin sara, da sanyin asuba. 'Yan ƙwadago sun yi jinga, kuɗinsu na kan yawan abin da suka sare suka ɗaure suka loda. Ganyen rake na yanka hannu, ƙaiƙayi na cin wuya, dami na da nauyi. Kafin a fara, biyu ko uku za su zame bayan kunya, ɗaya ya zaro ƙulli daga cikin hula, ya murtsuke ganyen a tafin hannu, ya tsince 'ya'yan ya zubar, ya naɗe a 'yar farar takarda, ya lasa bakin ya manne. Tana zagayawa hannu zuwa hannu, wani ya kora da tiramol da ruwan leda. Mai gona na tsaye nesa kaɗan, iska na kawo masa warin, yana duban wani wajen. Da yamma zai ce yaran nan akwai aiki, ba sa gajiya. Shi ne kuma ranar Juma'a zai gyaɗa kai idan liman ya taɓo 'yan shaye-shaye. Wiwi ba ta ƙara wa jiki ƙarfi ko kaɗan. Abin da take yi shi ne dusashe jin gajiya da ƙosawa, jikin kuwa yana biyan bashin daga baya.

Sai lokacin zaɓe. Ba sirri ba ne yadda ake tara matasa a bayan motocin kamfen, a ba su kuɗin "caji", su yi ta ihu da makamai. Wanda ya saya musu da hannunsa, idan ya hau kujera, shi ne zai kira taron yaƙi da shaye-shaye a sakatariya. Matasan na ganin wannan, kuma shi ya sa wa'azin manya ba ya shigarsu.

A cikin gida kuwa shiru ne ke mulki. Uwa ce kan fara sani. Tana wanki za ta ci karo da 'yan ƙwayoyin iri masu ruwan toka a kusurwar aljihu, ko ta lura yaron ya koma sa turare mai ƙarfi da tsotsar alawa kafin ya shigo, idonsa ja, cin abincinsa ya ninka, barcin safe ya yi nauyi. Ba za ta faɗa kai tsaye ba. Za ta ce, "Malam, yaron nan fa a riƙa sa masa ido." Ya ce, "Me ya yi?" Ta ce, "Ba komai, abokan nan nasa ne ban gane musu ba." Tana tsoron duka, tana tsoron kora, tana tsoron kishiya ta ji. Sai a bar kaza cikin gashinta, shekara biyu, shekara uku, har ranar da ya daga wa ubansa hannu ko ya fara magana shi kaɗai.

Shin da gaske tana haukatarwa?

Amsar ba e ba ce kai tsaye, ba kuma a'a ba ce. Yawancin masu sha ba sa haukacewa, kuma idan aka ce wa matashi duk wanda ya zuƙa sai ya bi bola, zai dubi abokansa goma da ke lafiya ya daina yarda da sauran maganar. Amma haɗarin na nan, kuma an auna shi. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet Psychiatry ta buga a 2019, wanda aka yi a wurare 11 a Turai da Birazil, ya nuna mai sha kullum ya ninka wanda ba ya sha kusan sau uku wajen yiwuwar kamuwa da taɓin hankali, mai shan mai ƙarfi kullum kuwa kusan sau biyar. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya fara da ƙuruciya, domin ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, da kuma wanda akwai ciwon a danginsu.

Sinadarin da ke bugarwa shi ake kira THC, kuma yawansa ne ya canza. Dattijon da ya sha wiwi a shekarun 1970 ya bari, yana cewa ai ba wani abu ba ce, bai san ta yau ba. Tsakanin waccan da irin su Loud da Arizona da ake shigowa da su yanzu, kamar ruwan rake ne da mazarƙwaila: asali ɗaya, amma an dafe ɗaya har ya kafe. Wadda ake kira Kolorado ko Kolos ma sau da yawa ganye ne aka fesa wa sinadaran da aka haɗa a masana'anta, tana iya sa mutum ya sanƙare ko ya faɗi yana shure-shure a zuƙar farko. Ga kuma gauraye. Tun da aka hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC da ya tona cinikinsa, mashaya ba su ragu ba, sauya hannu suka yi. Ana haɗa wiwi da tiramol, da roci, da sholisho, wani lokaci har da zaƙami. Likitan da aka kai wa irin wannan yaro ba abu ɗaya yake yaƙa ba.

Akwai magani a cikin ganyen, wannan ma gaskiya ne. Wani sinadarinsa mai suna CBD ba ya bugarwa, kuma a 2018 Amurka ta amince da maganin da aka tace daga gare shi don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Wannan ruwan magani ne da aka auna, likita ke rubutawa. Ba shi ne abin da ake naɗawa a kango ba.

Maganar "duniya ta halatta"

Ƙasashen da suka halatta shan ta don nishaɗi 'yan kaɗan ne, irin su Yurugwai a 2013, Kanada a 2018, Jamus a 2024 da sharuɗɗa masu yawa, sai wasu jihohin Amurka. A Afirka, kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta yanke a 2018 cewa baligi na iya sha a keɓe, amma ciniki na nan a haramce. Lesoto ta fara ba da lasisin noma don magani a 2017, Maroko ta yi doka a 2021 don magani da masana'antu. Gana, wadda matasa ke yawan kafa hujja da ita, irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba kawai ta yarda a noma da lasisi, wato irin da ba ya bugarwa. Tailan ta saki a 2022, shaguna suka cika gari, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. A Saudiyya kuwa safarar ƙwaya na kai mutum ga takobi, abin da ya kamata duk maniyyaci ya riƙe kafin ya karɓi jakar wani a filin jirgi.

A watan Disambar 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ta kaɗa ƙuri'a, 27 da 25, ta cire wiwi daga jerin mafi tsanani, don a samu damar bincike da magani. Ba halatta ta aka yi ba, kuma Najeriya na cikin waɗanda suka ce a'a.

A gida ma an yi ta ja-in-ja. Marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo ya je Tailan a 2019 ya dawo yana cewa jiharsa na zaune a kan dukiya, a bari a noma don magani a sayar waje. Ɗan siyasa Omoyele Sowore ya yi kamfen da irin wannan magana. 'Yan Majalisar Wakilai irin su Miriam Onuoha da Benjamin Kalu sun kawo ƙudiri, aka jingine shi a watan Maris na 2023. Shugaban NDLEA tun 2021, Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya, amsarsa ita ce ƙasar da ke da mashaya sama da miliyan goma ba ta da halin buɗe wannan ƙofa. A watan Mayun 2024 ma Majalisar Dattawa hukuncin kisa ta amince a yi wa masu fatauci, kafin majalisun biyu su daidaita a kan ɗaurin rai-da-rai. Iskar Abuja dai ba ta kaɗa wajen halattawa.

Ni ma ban ga hikimar halatta sha a ƙasar da ta kasa hana sayar da tiramol a kan tebur a kasuwar ƙauye ba. Amma ƙin halattawa daban, ɗaukar yaro ɗan shekara 19 mai ƙulli ɗaya a matsayin wanda ya cancanci shekara 15 daban. Wannan mara lafiya ne, ko mai hanyar zama mara lafiya, kuma kuɗin ciyar da shi a gidan yari da an kai shi asibiti da ya fi amfani.

Idan abin ya shigo gida

Abin da iyaye suka saba yi shi ne duka, sai rubutu da hayaƙi, in ya faskara a kai gidan mari. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani irin wannan gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutum ɗaruruwa, manya da yara, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Makonni kaɗan bayan nan aka buɗe wasu a Daura da Katsina da Zariya. Iyaye ne da kansu suka kai mafi yawansu, suna biyan kuɗi, don ba su san wata hanya ba. Addu'a na da muhallinta, babu mai musu. Mari dai yana hana ƙafa zuwa wurin dila ne kawai, ranar da aka kwance shi sha'awar na nan inda aka bar ta, ga kuma ƙiyayyar iyaye ta ƙaru a kai.

Hanyoyin da ke akwai ba su da yawa, amma suna nan. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna na da sashen masu shaye-shaye. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika na da likitocin ƙwaƙwalwa, kuma shi ya fi kusa da mutumin Furana ko Hunkuyi. Gwamnatin Jihar Kaduna na da hukuma ta musamman mai kula da rigakafin shaye-shaye da maganinsa. NDLEA kanta na da masu ba da shawara da ɗakunan gyaran hali, ta kuma buɗe layin waya na kyauta a 2022, kuma wanda ya kai kansa ko ɗansa neman magani ba a matsayin mai laifi ake karɓarsa ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba irin wannan majinyaci haƙƙin a kula da shi ba tare da wulaƙanci ba.

Wanda ya daɗe yana sha kullum, idan ya bari, sati ɗaya zuwa biyu na farko su ne masu wuya: barci ya ƙaurace, abinci ya fita kai, fushi ya yi ta taso masa ba dalili, ga gumi da munanan mafarkai. Iyaye kan ɗauka haukan ne ya zo, alhali jiki ne ke neman abin da ya saba, kuma yana wucewa. Abin da ke bukatar asibiti a ranar, ba gobe ba, shi ne idan ya fara jin muryoyi, ko zargin ana binsa za a kashe shi, ko ya kwana uku bai runtsa ba yana surutu, ko ya ambaci kashe kansa. Bayan an sallamo shi kuma, kada a bar shi zaune a zaure daga safe zuwa dare, a nema masa abin yi da zai raba shi da tsohuwar majalisarsa, ko da kai shi wurin kawunsa ne a wani gari ya koyi sana'a. Da yawa kan koma sau ɗaya ko sau biyu kafin su bari gaba ɗaya. Likitoci na lissafa wannan cikin ciwon, saboda haka idan ya faru a ɗauki katinsa a mai da shi wurin wanda ya duba shi da farko.